Wasiyya don binciken kimiyya: a rubuta ta yadda za ta tsaya

Edita, assalamu alaikum.

Muna kira ga masu hali a Sakkwato su tuna da masu bincike a wasiyyarsu, kamar masu aiki kan makamashin rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma bayan fitar da kuɗin jana'iza da bashi ake lissafa shi. Abin da ya ɗara sai da yardar magada. A rubuta gaban shaidu biyu adilai, a ambaci cibiyar binciken da za ta amfana, da kuma wanda zai zartar da wasiyyar. Cewa "na bar wa ilimi" kurum rigima take haifarwa. Ƙayyade adadin naira ma kuskure ne, tsadar kaya za ta cinye shi. Gara waƙafin shago, hayarsa ta riƙa sayen sinadaran ɗakin gwaji kowace shekara.

Daga wasu masu karatu, Sakkwato