Badi jini za mu sa a gaba, hotuna sun isa haka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da ƴan uwana na ƙungiyoyin sa kai na unguwanni, tunda yanzu ne lokacin da kowacce ke zama tana tsara abin da za ta yi badi. Ni ne sakataren wata ƴar ƙaramar ƙungiya a cikin birnin Kano, ba mu cika mu arba'in ba, akwai malaman makaranta, teloli, ƴan kasuwar Kwari, masu adaidaita biyu da nas guda ɗaya, kowa na ba da dubu ɗaya a wata in ya samu, in bai samu ba a yi masa tsiya a guruf a wuce.

A mitin ɗinmu na ƙarshen shekara na ɗauko takardar da muka rubuta bara na karanta musu. Abu goma sha huɗu muka ce za mu yi, rabon abincin azumi, kayan sallar marayu, yashe kwata, dashen bishiya, gasar ƙwallo, kai har da ziyarar gidan yari. Huɗu muka yi. Su ma ɗin da na buɗe littafin ma'aji sai na ga kuɗin buga bana, wato ƙyallen talla, da riguna masu tambari ya kusa kamo kuɗin shinkafar da muka raba. Kowa ya yi shiru. Taura biyu ma ba ta taunuwa balle sha huɗu.

Abin da ya juya mana tunani shi ne wani dare da damina, matar ɗaya daga cikinmu ta haihu jini ya ɓalle mata, wajen ƙarfe ɗayan dare likita ya ce a nemo leda biyu yanzu yanzu, kuma rukunin jininta O negetib ne, mai wuyar samu. Muka yi ta watsa saƙo a WhatsApp, mutane na barci, ga wasu samari a bakin get suna faɗin farashi kamar ana cinikin tumatir. Mu tara muka je aka gwada mu ɗaya bayan ɗaya, ashe ɗan adaidaitan da ya kwaso mu, memba ne namu shekara uku, shi ne mai irin jinin, shi kansa bai sani ba. Leda ɗaya aka ɗiba a jikinsa, ɗayar sai da asuba aka samu wajen wani ƙaninta. Allah Ya yi da sauran kwananta. Da muka bincika daga baya, mutum shida ne kaf a ƙungiyar suka san rukunin jininsu.

To shi ne muka yanke, badi aikinmu na farko littafi ne. Sunan mutum, rukunin jininsa, lambar waya, da ranar da ya ba da jini na ƙarshe, saboda nas ɗinmu ta ja kunnenmu cewa namiji sai ya huta wata uku kafin a sake ɗiba, mace ma ta fi haka, kuma sai wanda ya kai shekara 18 da nauyin kilo 50. Leda ɗaya ba ta cika rabin lita ba, wajen mililita 450 ce. Wani abu da ban sani ba sai a wajenta, jinin da aka ajiye a firij bai fi kwana 35 zuwa 42 yake yi ba, kenan wannan tururuwar da ake yi ranar 14 ga Yuni, ranar masu ba da jini ta duniya, a yi hoto a watse sai wata shekara, ba ta riƙe asibiti. Mu kashi kashi za mu je, mutum goma goma. Kashi ɗaya cikin Sha'aban tunda da azumi mutane na ja baya, ɗaya kuma tsakiyar damina lokacin da maleriya ke shanye jinin yara.

Na biyu gwajin jinotayif ne, wanda ke nuna ko mutum na ɗauke da gadon sikila, ga samari da ƴan matan unguwa. Gaskiya ne gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar gwaji kafin aure a 2024, abu ne mai kyau, amma fisabilillahi gwajin da za a yi bayan an kai kuɗin gaisuwa an sa rana an fara haɗa lefe, wa zai iya cewa a fasa? AS, wato mai ɗauke da gadon sikila amma ba ya ciwon, in ta haɗu da AS kowane ciki akwai kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, kuma duk wanda ya taɓa kwana da yaro mai sikila yana murƙususu ya san me nake faɗa. Gara yaro ya san nasa tun yana sakandare kafin zuciya ta kamu.

Ba a rabu lafiya lau ba fa. Ciyaman ɗinmu, dattijo ne muna ganin girmansa, ya ce shi bai ga ƙungiyar da za ta bar ciyar da mai azumi ba. Wani ya ce jinin nan sayar da shi ake yi, wani ya ce yana rage wa namiji ƙarfi, aka yi ta dariya. Ƙarshe aka daidaita, abincin azumi za mu miƙa abin da ya sawwaƙa ga kwamitin masallaci su haɗa da nasu, ba ƙyallen talla ba kyamara. Ni dai na kawo musu misalin ƴan ƙungiyar sa kai ta duniya Rotary, waɗanda kulob ɗinsu na farko a Najeriya ma a nan Kano aka kafa shi a 1961. Sun kama maganar foliyo, wato shan inna, a 1985 ba su sake ta ba, duk da turjiyar da aka yi wa rigakafin a nan Arewa a 2003, har zuwa Agustan 2020 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an raba Afirka da asalin ƙwayar cutar shan inna. Shekara 35 kenan. Mu ba mu da dalolinsu amma naci ai ba saye ake ba.

Roƙona ga sauran ƙungiyoyi, Fagge, Gwale, Dala, Tarauni duk inda kuke, kowa ya buɗe irin littafin nan, sakatarori mu san juna, musamman saboda masu negetib da suke da wuyar samu. Asibitoci kuma dan Allah wanda ya zo ba da jini kyauta kar a bar shi a benci awa uku, ɗan kasuwa ne ya rufe shago ya taho. Kashin farko namu za su je Asabar ta biyu a Janairu in Allah Ya kai mu, sunana ne na uku a jerin, kuma wallahi tsoron allura nake ji.

Naku,
Sakataren wata ƙungiyar sa kai, Kano