Wasiƙa zuwa Kumasi a kan filin jirgin saman Kano

Zuwa ga aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya tare da iyali da dukkan jama'ar zango. Saƙonka ya iso ni, na kuma ga murnar da kuke yi da sabon ginin filin jirgin saman Kumasi, wanda aka buɗe a 2024 aka sa masa sunan Sarki Prempeh na Farko. Ka tambaye ni abin da filin jirgin Malam Aminu Kano ya tsinana wa kasuwancin garinmu, domin ka san abin da ya kamata ku sa rai da shi. Na ɗan jinkirta amsa ne saboda tambayar ta taɓa abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ka san a Kano jirgin sama ya fara sauka a Nijeriya. A watan Nuwamba na 1925 wasu jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a wani filin dawakai a nan, kuma zuwa 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila ta haɗa Kano da Khartum. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi, a ƙasarku, ta Kano da Maiduguri suke bi su kai Sudan da Alƙahira. Bayan yaƙin sai garin ya zama zango ga jiragen da ke tsakanin Turai da kudancin Afirka, tamkar yadda ya kasance zangon ayarin raƙuma a da: a sauka, a sha mai, fasinjoji su huta, a tashi. Ma'aikata da masauki da masu kai abinci duk sun ci gajiyar wannan zamani. Amma da aka ƙera jiragen da ke iya ƙetare Sahara su wuce ba tare da sun sha mai a hanya ba, sai kamfanonin suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya. KLM na ƙasar Holan shi ya fi daɗewa, ya yi fiye da shekara 60 yana zuwa, shi ma ya tattara ya tafi a 2012. Abin da na fahimta a nan shi ne, jiragen sun riƙa sauka ne don hanya ta bi da su ta kanmu, ba mu kuwa yi amfani da waɗannan shekaru mun tanadi hajar da za ta tilasta musu dawowa ba.

Abin da ya riƙe filin bayan haka shi ne aikin hajji da umara da kuma fatauci. A kan jigilar alhazai kamfanin Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya yi suna, haka nan Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, sannan ga Azman da Rano Air, dukkansu na 'yan kasuwar Arewa. Waɗannan kamfanoni sun samar wa 'ya'yanmu aikin tuƙi da injiniyanci da hidimar cikin jirgi, ayyukan da a da sai dai mu ga baƙi suna yi.

Da ka zo filin a daren da jirgi ya sauka daga Jidda a ƙarshen azumi, da ka ga arzikin da idonka. Kafin fasinja na farko ya fito, harabar ta cika da 'yan tarba, direbobin tasi sun jeru, masu a-daidaita-sahu suna jira a bakin titi, mai shayi yana ta firfita wuta. Sai a fara turo kaya: jarkokin zamzam, kwalayen dabino, manyan jakunkuna da aka ɗaure da igiya aka rubuta sunan mai su da babban alƙalami, cike da abayoyi da jallabiyoyi da turare. Washegari wani ɓangare na kayan nan ya isa Kantin Kwari da Sabon Gari, ya samu mai saye daga Maraɗi ko Damagaram ko Njamena. Kafin tafiya kuma 'yan canji na Wapa sun samu nasu, haka ma masu sayar da tikiti da teloli da masu ɗinka jaka. Jirgi ɗaya yana ciyar da gidajen da masu su ba su taɓa taka matakalarsa ba.

Ba mu san nauyin wannan ba sai lokacin annobar korona. An rufe filayen jirage a watan Maris na 2020, aka buɗe na Legas da Abuja ga jiragen ƙasashen waje a watan Satumba, amma na Kano sai a watan Afrilu na 2021. A tsakanin nan wani ƙanena mai sayar da abayoyi sai ya sauka a Abuja, ya biya kuɗin kwana, ya ɗauki hayar mota, ya biyo hanyar Kaduna da kayansa a lokacin da kowa ke tsoron masu garkuwa da mutane. Ya ce da ni ribar tafiyar a hanya ta ƙare. Wasu abokan cinikinsa na Nijar kuwa, da suka ga kaya sun yi tsada, suka nemi wata kasuwar, kuma ba dukansu ne suka dawo ba.

Yanzu ga inda abin ke damuna. Muna da sabon gini na jiragen ƙasashen waje wanda kamfanin CCECC ya gina da bashin ƙasar Sin, jiragen Habasha da Masar suna zuwa, Qatar Airways ma ya fara zuwa a 2022. Amma kusan duk cinikin da na lissafa maka saye ne. Muna fita da dala mu dawo da kaya, alhali abin da muke lodawa a jirgi mu sayar a waje kaɗan ne ƙwarai. Riɗi da zoɓo da citta na kasuwar Dawanau ta mota suke tafiya zuwa tashar jiragen ruwa, kuma hakan ya dace da su, tunda busassun kaya ne masu nauyi. Abin da ke bukatar jirgin sama shi ne mai tsada ko mai saurin lalacewa: nama, ɗanyen barkono da sauran kayan lambu na Kura da Kadawa, da kayan fata da aka gama sarrafawa. Na sha ganin kwandunan tumatir suna ruɓewa a bakin titin Zariya a lokacin kaka, a wurin da bai kai tafiyar awa ɗaya daga filin jirgin ba.

Dubi Kenya. Furannin da ake nomawa a gefen tafkin Naivasha ana yanke su, a sa a motoci masu sanyi zuwa filin jirgin Nairobi, su kwana a sama su wayi gari a kasuwar Holan. Habasha ta bi sahu, kuma kamfanin jiragenta ne ke kwashe mata nata. Sun haɗa manomi da ɗakin sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa da jami'in da ke duba ingancin kaya ya ba da takardar da mai saye zai yarda da ita. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin fiya-fiyar da ake zubawa a buhu don kashe ƙwaro. Wanda ya ƙi wakenka ba zai yi saurin amincewa da namanka ba.

Saboda haka shawarata gare ku ita ce, ku 'yan kasuwar zango ku zauna tun yanzu ku tambayi hukumomi abin da aka tanada na ɗaukar kaya, da wurin sanyaya su, da wanda zai tantance su, ku kuma lissafa abin da Kumasi za ta iya lodawa kowane mako ba tare da yankewa ba, domin kamfanin jirgi lissafin kujera da kilo yake yi, in bai cika ba ya janye. Ina kuma so ku matsa a kan hanyar da za ta haɗa garuruwanmu kai tsaye. Kakanninmu sun yi watanni a ƙasa suna kai kaya Gwanja su dawo da goro, yau kuwa mai son zuwa wurinka daga nan ta sama sai ya bi ta Legas ko Abuja, ya sauka Ankara babban birnin Ghana, sannan ya nemi na Kumasi.

Ka rubuto mini irin jiragen da suka fara sauka wurinku da kuɗin tikitinsu. Ka gaishe mini da Hajiya da yara, da liman da sauran dattawan unguwa. Allah ya sada mu da alheri.

Naka amini,
Sani