Zuwa ga Kabiru: ka riƙe kwanakin ɗan tayi

Unguwar Rimi,
Kaduna.

Kabiru abokina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya karatu, ya sanyin Alƙahira? Mu nan hazo ya sauka sosai, da safe in kana kan gada da ƙyar kake hango ƙetaren kogi. Saƙonka ya iso, na ga kukan da kake yi cewa darasin halittar ɗan tayi ya zame maka haddar sunaye, ga jarrabawa ta ƙarato. Shawarata ita ce ka ajiye sunayen tukuna ka riƙe kwanaki. In ka san abin da ake ginawa a kowace rana, da kanka za ka faɗi nakasar da za ta biyo baya in aikin ranar ya lalace.

Fara da ƙidaya, don a nan ɗalibai ke tuntuɓe. Littafinka daga ranar da maniyyi ya haɗu da ƙwai yake ƙirgawa, kwana 266 zuwa haihuwa. Ɗakin awo kuwa daga ranar farko ta hailar ƙarshe, kwana 280, wato mako 40. Tazarar mako biyu ke nan. Kwanakin da zan kawo duk daga haɗuwar ne, sai inda na ce lissafin awo.

Haɗuwar tana faruwa ne a wuri mafi faɗi na bututun ƙwai, cikin kamar awa 24 da fitowar ƙwan. Bayan awa 30 ƙwayar ta rabe biyu. A kwana na 3 zuwa 4 ta zama ɗan curi mai ƙwayoyi kamar 16, a na 5 ruwa ya buɗe rami a cikinta ta zama bilastosis, a na 6 zuwa 7 ta fara nutsewa cikin bangon mahaifa. Ɓawonta na waje shi zai zama mabiyiya, shi ne kuma ke fitar da sinadarin hCG da gwajin fitsari ke kamawa. In bututun ya yi tabo, misali bayan ciwon sanyin da ba a magance ba, tafiyar sai ta tsaya a hanya, cikin ya zauna a bututu. Fiye da kashi 90 cikin 100 na cikin wajen mahaifa a nan yake. Macen da ta yi ɓatan wata, ga ciwon mara gefe guda, ga ɗigon jini, wannan za ka fara zargi kafin komai, don in bututun ya fashe jini a ciki yake zuba, ba ka gani.

Tagwayen ƙwai ɗaya ma lissafin kwana ne. In rabuwar ta zo cikin kwana 3 na farko, kowa da mabiyiyarsa da jakar ruwansa. Daga 4 zuwa 8, mabiyiya ɗaya jaka biyu. Daga 8 zuwa 13, komai ɗaya, har cibiyoyi kan sarƙe. Bayan 13 sai a haife su a manne.

Mako na biyu ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba: ɗan tayin faifai ne mai shimfiɗa biyu, da jakar ruwa a sama, jakar gwaiduwa a ƙasa.

Mako na uku da na huɗu su ne inda nake so ka zauna ka yi zane da hannunka. Wajen kwana na 15 wani ɗan layi yake bayyana a bayan faifan, ƙwayoyi su riƙa kutsawa ta cikinsa, shimfiɗa biyu ta koma uku. Ta sama, ektodam, ita ke ba da fata da ƙwaƙwalwa da laka. Ta tsakiya, mesodam, tsoka da ƙashi da zuciya da jini da ƙoda. Ta ƙasa, endodam, rufin cikin hanji da na huhu, da hanta. In ragowar layin nan bai ɓace ba, shi ne ƙarin da ake haifar jariri da shi a gindin ƙashin baya, wanda in an tsaga za a iya samun gashi da guringuntsi a ciki, tunda daga shimfiɗun uku ya fito. Zuciya tana fara bugawa wajen kwana na 22.

Sai laka. Ɗauki takarda ka naɗe gefunanta biyu su haɗu a tsakiya, ka liƙe daga tsakiyar kana yin sama da ƙasa kamar zif ɗin riga. Haka bututun laka ke rufewa. Bakin sama yana rufewa wajen kwana na 25, na ƙasa wajen 27 zuwa 28. Na sama in ya ƙi, jariri ba ƙoƙon kai ba cikakkiyar ƙwaƙwalwa, kuma ba ya rayuwa. Na ƙasa in ya ƙi, ga buɗaɗɗen ƙashin baya, sau da yawa da shanyewar ƙafafu da rashin riƙe fitsari. To mayar da kwana 28 lissafin awo: mako 6, wato mako biyu kacal da ɓatan wata. Kai ma ka san matanmu, da yawa sai ciki ya fito fili suke zuwa awo, wasu kunya, wasu gudun baki. Folik asid, bitamin ɗin da ke taimaka wa bututun laka ya rufe, in an miƙa shi a wata na biyar yana taimakon jini, amma maganar laka bakin alƙalami ya riga ya bushe. Shi ya sa ƙa'idar take maikurogiram 400 kullum tun kafin ɗaukar ciki har ƙarshen wata uku, wadda kuma ta taɓa haifar mai irin wannan nakasa a ba ta miligiram 4 zuwa 5. Mai farfaɗiya da ke shan maganin balfurowet, wanda ke ƙara haɗarin wannan nakasa, a duba maganinta tun kafin ta samu ciki.

Daga mako na 3 zuwa na 8 ake ƙera gaɓoɓi, nan ne guba ta fi yin ɓarna. Kafin nan, in guba ta taɓa shi, ko dai cikin ya zube ko ya tsira lafiya lau. Maganin talidomaid da aka sayar a Jamus da wasu ƙasashe har zuwa 1961 ya bar jarirai da guntayen hannuwa ne saboda an sha shi daidai lokacin da hannu da ƙafa ke tsirowa. A 1941 wani likitan ido a Ostireliya, Norman Gregg, ya danganta yanar idon jarirai da cutar rubela da uwayensu suka yi da ƙaramin ciki. Hanji yana fita cikin cibiya a mako na 6 don wuri ya yi masa kaɗan, ya koma a na 10, yana juyawa digiri 270 gaba ɗaya. In bai koma ba, a haife shi a waje cikin jaka. Malamai na son wannan tambayar ƙwarai, na gaya maka.

A ƙarshen mako na 8 tsawonsa kamar santimita 3 ne, bai kai ɗan yatsanka ba, amma kusan komai an kafa. Abin da ya rage girma ne da nuna, kuma huhu ne ke zuwa a makare. Safaktan, sinadarin da ke hana jakunkunan iska manne wa juna, yana fara samuwa wajen mako na 24 na lissafin awo, ba ya wadata sai wajen 34 zuwa 35. Dalilin da bakwaini ke nishi da ja da haƙarƙari ke nan, dalilin kuma da ake yi wa mai naƙudar wuri allurar dekzametazon don huhun ɗan ya nuna da wuri, miligiram 6 duk awa 12, sau huɗu.

Abu ɗaya da ba lalle malamanka na Misira su tsaya a kai ba, amma zai tarbe ka ran da ka dawo asibitin Barau Dikko ko na Shika: zazzaɓin cizon sauro yana taruwa a mabiyiya, ya rage abincin da ke isa ga ɗa, a haife shi ƙarami. Don rigakafi ana ba mai ciki maganin Fansidar daga mako na 13 na lissafin awo, tazarar wata guda, aƙalla sau uku. Kada a haɗa shi da folik asid mai miligiram 5, yana rage masa ƙarfi. Mai maikurogiram 400 ɗin nan ba matsala.

Zagayen jinin ɗan tayi da ramin da ke tsakanin ɗakunan zuciya sai wasiƙa ta gaba, in ka turo mini zanen lakar da na ce ka yi. Ka gaida 'yan gida da kuke tare. Su Hajiya suna lafiya, suna gaishe ka. Allah ya ba da sa'a.

Naka,
Bashir