Hotunan bikin suna nan, kwatancen gidansu ne ya sauya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridar nan tamu in yi magana da 'yan uwana masu ɗaukar hoto, musamman yaran da suka shigo sana'ar suka tarar da kwamfuta, ba su taɓa shaƙar warin ruwan wankin fim ba. Na yi shekara 19 ina wannan aiki a Gwammaja, amma abin da ya same ni bayan Ƙaramar Sallah ya kusa sa ni zubar da hawaye a gaban kwastoma.

Biki na ɗauka, tun daga kamu da ɗaurin aure har zuwa dina da buɗar kai, hoto 1,400 da 'yan kai. Kwana uku na yi ina tacewa da gyaran haske a manhajar Lightroom. Ranar da uwar amarya ta zo zaɓar waɗanda za su shiga albam, na ba ta kujera, na buɗe kwamfuta. Ga hotuna nan ƙanana a jere, amma kowanne da alamar motsin rai a kusurwarsa, foldar bikin kuma ta dushe da alamar tambaya a jikinta. Na danna hoton amarya in ƙara masa haske, manhaja ta ce ba ta ga fayil ɗin ba. Na danna na ango, haka. Memorin kyamarar kuwa na riga na goge shi na ɗauki wani suna da shi.

Hajiya ta dube ni ta ce, "Malam mai hoto, lafiya? Na ga gumi yana karyo maka ga fanka tana aiki." Na ce, "Lafiya lau Hajiya, injin ne ya ɗan yi nauyi, a yi min haƙuri zuwa gobe." Ta tashi ba ta ce komai ba, shirun nan ya fi faɗa ciwo.

Yarona na shago ya ɗauki rumbun ajiyar, wanda muke ce wa estanal, ya kai wa wani mai gyara. Ko jona shi mutumin bai yi ba ya yanke hukunci: bairos ne, sai fomatin, wato a goge duk abin da ke ciki. Allah Ya sa yaron ya kira ni kafin ya amince. Na ce ya dawo min da kayana yadda ya tafi da su.

Bayan Isha'i, hankali ya ɗan kwanta, na bar Lightroom a rufe, na shiga estanal ɗin kai tsaye ta Windows. Hotuna suna nan cif, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Abin da ya sauya harafi ɗaya ne. Kullum kwamfutar tana kiran wannan estanal da E, ranar nan F ta kira shi. Ashe da safe yaron ya soka filashinsa don ya kwashi hotunan fasfo kafin a jona estanal, filashin ya karɓe E, shi kuma aka ba shi harafi na gaba.

A nan ne da yawanmu muke da ƙarancin fahimta. Lightroom na kwamfuta, wanda yanzu ake kira Lightroom Classic, tun fitowarsa a 2007, ba ya haɗiye hotonka a cikinsa. Kundi yake riƙewa, wanda ake kira katalog, yana rubuta inda kowane hoto yake zaune da irin gyaran da ka yi masa, sai ɗan ƙaramin samfuri da yake nuna maka. Kamar kwatancen gida ne irin namu na cikin gari: ka shiga lungun da ke kusa da mai shayi, gida na uku. Ranar da mai shayi ya tashi, baƙo zai yi ta bulayi, alhali gida yana nan da mutanensa suna cin tuwo.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Na danna foldar da ke da alamar tambaya da maɓallin dama na maus, na zaɓi wurin da aka ce a nemo foldar da ta ɓace, na nuna masa inda take a F. Alamomin suka watse gaba ɗaya, gyarana na kwana uku yana nan. Wanda foldodinsa suke da yawa ya fara da uwar foldar ta can sama, 'ya'yan za su biyo ta da kansu. Daga nan na shiga sashen kula da rumbuna na Windows na ba estanal ɗin harafin P, can nesa inda filashin kowa ba zai kai ba, sannan na sake nuna wa manhajar inda foldar take a P.

Ba harafi kaɗai ke jawo wannan ba. Mai son tsafta ya shiga Windows ya canza sunan folda daga "biki2" zuwa sunan amarya, ko ya ja ta ya kai wani wuri, shi ma ya tayar da mai shayi. In za ka matsar da folda ko ka sauya mata suna, yi daga cikin manhajar, ita za ta gyara kundinta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne abin da mutane ke yi cikin firgici. Wani ya ga alamomin nan sai ya cire hotunan daga katalog ya sake shigo da su sabo. Hotuna za su dawo, amma zaɓen da ya yi da gyaran da ya kwana yana yi galibi sun bi ruwa. Na san wanda ya yi haka da hotunan Hawan Daushe na shekaru, yanzu ko dokin wane hakimi ne sai ya yi ta lalube. Wani kuma ya miƙa wa mai fomatin. Ko da bairos ɗin ne na gaske, irin wanda filashi ke kwasowa a shagunan buga takardu yana mayar da folda gajeriyar hanya, yawanci ɓoye fayil yake yi, ba ya cinye shi. A sa Windows ta nuna ɓoyayyun fayiloli tukuna a gani.

Ban ce hoto ba ya ɓacewa da gaske ba. In an goge memori bisa kuskure, a cire shi nan take, kada a ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya a kansa, domin sabo kan tsohon yake hawa. Manhaja irin PhotoRec, wadda kyauta ce, takan tono da yawa. Wanda ba shi da magani shi ne jabun memori, a rubuta 64GB a jiki alhali cikinsa bai kai haka ba, yana ta nuna maka yana karɓa, ka zo buɗewa ka tarar da fanko. Sannan ajiyar da Lightroom ke tambayarka ka yi lokacin rufewa, ta kundin ce kawai, babu hoto ko ɗaya a ciki. Ni kaina na daɗe ina danna ta ina jin na yi abin kai.

Washegari Hajiya ta dawo da ƙanwar amarya, suka zaɓi hoto 120, suka yi ta musu a kan wanda ɗaurin ɗankwali ya karkace. Da cikon kuɗin da ta biya na sayi estanal na biyu, wanda yanzu yake kwana a gida, ba a shago ba. Na farkon kuma na manna masa farin salatif na rubuta P da maka, saboda yaron.

Naka,
Wani mai ɗaukar hoto,
Gwammaja, Kano.