A hannun wa mataimakin malami zai koyi aikin?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na daren Laraba har ƙarshe, kuma raina ya ɓaci. Baƙonku ya yi ta nanata cewa a kwashi matasan da suka gama sakandare a zuba su a azuzuwa a matsayin mataimakan malamai, wai za su koyi aikin suna yi. Mai gabatarwa bai tambaye shi ko sau ɗaya ba: a hannun wa za su koya?

Kowa ya san yadda abin yake a nan Sakkwato, a makarantun kuɗi na cikin unguwanni da firamaren ƙauye inda malamai suka yi ƙaranci. Ranar da aka kawo mai koyo, ranar ake miƙa masa alli a bar masa aji ɗaya shi kaɗai, malamin kuma a tura shi aji shida. Ko yaron tela ba a ba shi almakashi da shaddar mutane ranar farko, sai ya daɗe yana guga da sa maɓalli. To ɗiyanmu ne suka fi shadda arha?

In da gaske ake, makonnin farko mai koyo kallo kawai zai yi daga bayan aji, yana lura da yadda malami ke buɗe darasi da yadda yake tsayar da surutu ba tare da bulala ba. Sannan a ba shi ƙananan ayyuka: kiran rajista da safe, a sake ƙirga yara bayan an dawo daga tara domin a lokacin ne suke sulalewa gida, raba littattafai, fiƙe fensir, zaunar da gajeru da masu raunin gani ko ji a gaba. Bayan nan ne aikinsa na ainihi zai fara, wato ya zauna da yara shida zuwa takwas da aka bari a baya, minti goma sha biyar zuwa ashirin, yayin da malami ke ci gaba da sauran. Sautin harafi tukuna, sai gaɓa, ba, bi, bu, sai kalma. Ya kula da masu juya b ta koma d, da masu rubuta ƙ da ɗ ba lanƙwasa, da masu damƙe fensir da hannu duka. Ba zai tsaya gaban aji ba sai malami ya duba shirin darasinsa ya sa hannu, kuma malamin na zaune yana kallo, a tashi a gaya masa inda ya kauce.

Ga ɓarnar da ake yi in an tsallake wannan. Wanda ba a koya wa ba, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya faɗa yara su amsa. Aji ya ɗauki amo, hedimasta ya wuce ta taga ya ji daɗi, alhali yaran haddace jerin suka yi da ka. Gwajin ba shi da wuya: rufe hoton da ke shafin, ka nuna kalma daga ƙarshen layi zuwa farko, ka kira yaro shi kaɗai. Nan za ka ga wanda ya shekara biyu yana rera karatu bai san harafi goma ba. Mai koyo ba zai gano haka da kansa ba, don shi ma amon ya ruɗe shi. In kuma yara suka fi ƙarfinsa, ga zafin Afrilu ga cunkoso, sai ya koma duka, iyaye su janye ƙananan.

Baƙonku ya kuma yi magana kamar babu doka. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce yara 35 ga malami ɗaya a firamare, kuma NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, sai rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993. Mataimaki ba ya cike wannan gurbi. Ko 'yan N-Power da aka fara turawa a 2016 kan naira 30,000 a wata, masu takardun gaba da sakandare ne, kuma da sunan taimaka wa malami aka tura su. Duk wanda zai ɗauki matashi koyon aiki, ya rubuta masa tun farko tsawon lokacin, da sunan malamin da zai riƙe shi, da alawus ɗinsa, ya kuma ba shi damar yin NCE, ko a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ko ta karatun ƙarshen mako na cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI. In ba haka ba, zai shekara biyar ana kiransa Malam, albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, takarda babu.

Sannan don Allah ku duba layin wayarku. Kuna cewa a kira, layi ɗaya ne, kuma mutanen da suka saba kira su ne dai ke shiga su yi ta gaishe-gaishe. Tallan maganin gargajiya ya cinye abin da ya rage. Ku maimaita shirin, ku gayyato malamar aji ɗaya da ta riƙe masu koyo a hannunta, ku bar ta ta yi magana.

Wassalam.
Mai sauraronku, tsohon malamin firamare,
Mabera, Sakkwato