Wasiƙa daga Gwange, ƙarshen shekara

Maiduguri, Lahadi 29 ga Disamba, 2024

Mutumina,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina uwargida da yara, yaya sanyin Jos? Na san ka ƙullace ni, kira uku ban ɗaga ba. Ba raini ba ne, tun bayan ambaliyar ruwa bakina ya yi nauyi. Dama akwai abin da nake son tambayarka, amma bari in fara sauke wannan kayan.

Ka ji a rediyo yadda madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumba. Cikin dare ruwan ya same mu, muka fita da auta a wuya, ruwa iya ƙirji. Tsofaffin unguwa sun ce rabonsu da irinsa tun 1994. Da ya janye na je shago, na tarar da kekunan ɗinkina biyu sun sha laka har cikin kai. Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne atamfar ankon Zumuntar Mata ta majami'armu, turmi 12 da aka ba ni amana, duk ta rine ta ruɓe.

Kai shaida ne, da riga ɗaya muka gudo daga Gwoza a 2014. Shekara goma ina tara allura da zare, dare ɗaya ya kwashe. Na yi fushi da Allah, ba zan ɓoye maka ba. Mako shida ban taka majami'a ba. Ranar da Fasto ya zo dubiya, banɗaki na shige na ƙi fitowa, maman yara tana ta kame-kame wai na je kasuwa, ga takalmina a bakin ƙofa. Yi dariyarka, ai kai ma mun san inda ka ɓuya ranar tara kuɗin gini.

Wadda ta fito da ni ita ce Mama shugabar Zumunta. Ita ma fa katangarta ta faɗi. Ta zo da sabon turmi a leda, ta dire mini a cinya, ta ce matan sun zauna sun yafe, kada in ƙara ta da zancen. Sai ta buɗe Littafi Mai Tsarki, Habakkuk sura 3, wurin da annabin yake cewa ko ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya zama wayam, shi dai zai yi murna da Allah Mai Cetonsa. Na ce Mama, Habakkuk ba tela ba ne, ba a bin sa bashin atamfa. Ta ce to shi ma ba a kawo masa aiki har gida ba, tashi ka ɗinka, Kirsimeti ba ta jiran mai kuka.

Kwana uku na jiƙa kan keke ɗaya cikin kananzir, na bi shi da tsohon buroshin haƙori. Ranar da ya fara tafiya, yana ƙara kamar injin markaɗe, na kifa kai a kansa na yi kukan da ban yi ba tun Satumba. Ɗayan kam ya mutu.

Af, maƙwabcinmu na bayan gida har yau yana rantsuwa ya ga kada daga gidan zu na Sanda Kyarimi a zaurensa. Duk ba da labari sai kadan ya ƙara tsawo, jiya ya kai ƙafa goma. Kuma mai gangar mawaƙanmu zai yi aure bayan Ista, ka san da wa? Ba zan faɗa ba sai ka kira.

Jibi Talata akwai sujadar ƙetare shekara, an sa sunana cikin masu ba da shaida. Bashi yana nan, rufin ɗakin yara bai gyaru ba, kaza ɗaya muka raba gida biyu ranar Kirsimeti. Ban san me zan faɗa ba, amma na ce zan tashi. Ka sa ni a addu'a kada murya ta ƙi fita.

In ka sami mai zuwa, a aiko mana da dankalin turawa, ba irin ƙananan nan na bara ba.

Naka,
Telan Gwange