Sanarwa kan tafiyarmu ta ƙarshen mako

Assalamu alaikum ƴan uwa.

Tafiyar nan ta kwana uku, ta hawan dutse da ziyarar kufai, ta tabbata, kuma za mu kwana biyu a masaukin ƙauyen da ke gindin dutsen. Masu motoci, don Allah a duba taya da birki tun yau. Can ciki sabis yakan ɗauke, kowa ya sauke taswira a wayarsa.

Hawan dutsen ne ya fi damuna. Da sassafe za mu fara, kafin rana ta take. A zo da takalmin da ƙafa ta saba da shi, sabo yakan saɓule dunduniya tun ba a je ko'ina ba. Kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita 2 da rigar sanyi, domin duk mita 1,000 da aka hau, zafi yakan ragu da kusan digiri 6. Saukowa ta fi cin gwiwa, mai sanda ya taho da ita.

A kufai kuwa, ina roƙo, kar a hau bango, kar a kankare shi don rubuta suna. Ko tsingaro aka gani a bar shi inda yake, da shi masana ke gano shekarun wuri.

Mai zuwa ya rubuta sunansa nan kafin Laraba.